Na Kori Surukina Daga Jirgi, Ga Ƙofofin Ruwa Tara A Gabana

Goggo Hilda,

Ki taimake ni, don na rasa wanda zan gaya wa. Shekarata tamanin da ɗaya, kuma da alƙalamin tawada nake rubuto miki, yadda aka koya mana tun zamanin da ake bugun yatsun yaro in ya ɓata takarda. In kin ga rubutun yana rawa, hannun ne, hankalin yana nan daram.

Shekara goma sha tara ke nan ina zaune a jirgin ruwa, irin siririn nan da faɗinsa bai cika ƙafa bakwai ba, ina yawo a hanyoyin ruwan Cheshire. Da mu biyu ne da matata Maureen. Tun da ta rasu babu mai leƙo ni sai agwagi, su ma don burodi. Ba ni da matsaya ta dindindin, kuma kin san ƙa'ida: sati biyu a wuri ɗaya sai ka matsa gaba, in ba haka ba lasisinka ya shiga uku.

Makon jiya 'yata Philippa ta kawo mini ziyara da mijinta Duncan. Na ce su zo da kaya kaɗan. Suka ji maganata, suka zo da akwatuna uku kacal masu taya, da kare mai girman ɗan maraƙi. Duncan injiniya ne mai digiri biyu, don haka washegari ya shiga wanka irin na otal, har da waƙa, ya ƙarar da ruwan da nake lallaɓawa kwana goma. Ya fito da kumfa a kunne yana cewa, "Baba, famfonka fa ya lalace." Na ce famfo lafiyarsa ƙalau, tanki ne ya riga mu gidan gaskiya. Ita kuwa Philippa tana ta buɗe kabad tana karanta kwanan watan da ke jikin gwangwanayen wakena. Can ta ajiye mini takarda a kan tebur, mai hotunan wani gidan tsofaffi inda kowa ke murmushi kamar an ba shi umarni. "Baba, kallo kawai za ka yi." Na ɗora butar shayi a kai.

Rana ta uku muka iso gindin tudu, inda ƙofofin ruwa goma suke jere, ana shigar da jirgi tsakanin ƙofa biyu a cika ruwa ya ɗaga shi, haka har a kai sama. Na miƙa wa Duncan ƙarfen da ake murɗa tagogin sakin ruwa na ƙofar da shi, na ce ko sakarai zai iya. Muka wuce ƙofa ta farko, muka ɗaure jirgi, muka tafi cin kifi da dankali. Ashe gwanin ya bar tagogi a buɗe gaba da baya. Da muka dawo ruwa ya tsiyaye ƙasa kaf, jirage biyar zaune a kan laka, nawa ya karkace, kofunan Maureen sun farfashe a ƙasa. Masu jiragen suna tsaye a bakin gaɓa sun naɗe hannu. Wata da na sani shekara goma ta ce, "Kai da kanka?"

A gabansu na ce wa Duncan karen ya fi shi amfani, tunda shi ko ba komai bai taɓa kiran kansa injiniya ba. Na faɗi wasu ma da ba za ki buga a jarida ba. Kafin la'asar akwatunan sun gangara da tayoyinsu. Philippa ba ta yi kuka ba, ta dai ce, "Ka zauna da jirginka."

Ga abin da ban gaya musu ba. Tun da na faɗi a watan Maris hannuna na dama ba ya iya murɗa ƙarfen nan. Ba kewarsu ce kaɗai ta sa na gayyace su ba, tudun nan na lissafa. Yanzu saura kwana shida lokacina ya cika, ga ƙofofi tara a gabana. In na faɗa wa Philippa gaskiya, gidan masu murmushi ne makomata. In na yi shiru, jirgin zan rasa. Yaya zan yi?

Tsoho A Gindin Tudu

Baba,

Bari in ga ko na gane. Ka gayyaci mutane da sunan baƙunci alhali lebura kake nema, ka miƙa wa mutumin da bai taɓa ganin ƙofar ruwa ba ƙarfe ba tare da ka nuna masa komai ba, sannan ka yi mamaki. Madalla da wannan shiri. Kuma shekara goma sha tara kana wannan harka, ka fi ni sanin cewa mai tuƙi yakan waiwaya ya duba tagogi kafin ya tafi cin kifi. Shi ya sa maganar matar nan ta yi maka zafi, ka sauke a kan Duncan.

Su ma ba zan wanke su ba. Ba a shiga gidan mutum a ajiye masa hoton inda za a kai shi. Amma macen da ke karanta jikin gwangwani tsoro take ji, kuma ina zargin ta ga yadda kake ɗaga buta da hannun hagu. Sirrin nan naka ba na jin ya kai yadda kake zato.

Yau ɗin nan ka kira hukumar hanyoyin ruwa, ka faɗa musu ka ji rauni, ka nemi ƙarin kwanaki, ka kuma tambaya ko akwai masu aikin sa kai a wannan tudu. Kada ka jira kwana na shida. Ka je likita ya duba hannun, wata biyar ba wasa ba ne.

Daga nan ka kira Duncan, shi da kansa, ba ta bakin matarsa ba. Ka ba shi haƙuri ba tare da "amma" ba, ka roƙe shi ya dawo ranar Asabar ka koya masa aikin tun daga farko. Mutumin da aka kunyata a gaban jama'a ba abin da yake so kamar a ba shi dama ya gyara a wurin.

Philippa kuma ka gaya mata komai, amma ka je da shawararka a hannu: matsaya ta dindindin kusa da garinsu lokacin sanyi, yawo lokacin zafi in akwai mai raka ka. Tsohon da ya ɓoye rauni, bayan ya sake faɗuwa wasu ne ke yanke masa hukunci a barandar asibiti. Wanda ya faɗa da bakinsa, da shi ake zama a tsara.

Allah ya ƙara lafiya, ya haye da kai tudun nan kai da surukinka.

Goggo Hilda