Ruwan da Na Hana Inna

Daren Talata, Mabera

Na kasa barci. Inna tana ɗakinta a jingine da matasai, don in ta miƙe numfashinta sarƙewa yake yi. Daga nan ina jin fitarsa.

Yau na kai ta wankin ƙoda. Da ta hau sikeli sai fuskar nas ɗin ta canza. Ta danna ƙafar Inna da yatsa, wurin ya lotsa bai dawo ba. Ta ce ruwa ya taru a jikinta, shi ya sa jininta ya hau haka, kuma in ya kai huhu abin ba zai yi kyau ba. Wai kunu da miya da kankana duk ruwa ne, gishiri kuma a rage. A wannan zafin na Sakkwato!

Bayan isha'i aka ɗauke wuta, Inna ta kira ni. "Hadiza, ɗebo min na randa, maƙoshina ya bushe."

Na ce, "Inna, kin shanye na yau." Na jiƙa auduga na shafa mata a leɓe.

Ta daɗe tana kallona. "Ɗiyata, ni da na shayar da ke, ni za ki hana ruwa?"

Na fita bayan ɗaki na yi kuka. Ina tsoron in ba ta ya zama ajalinta. Ina tsoron in hana ta, ta tafi da ƙishi tana fushi da ni.

Sai Juma'a za a sake wankin. Ya Allah, Ka kai mu Juma'a.