Layar da ke Cikin Gwangwanin Baba

Kabo,
7 ga Afrilu, 2025

Zuwa ga Yaya Marka,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da duk mutanen Lakwaya. Yaya ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa can ta fi masa nan.

Tunda kunnen naki ba ya ɗaukar waya, na ga gara in rubuto, in ba Lukuman direba ya miƙa miki.

Maganar gwangwanin madarar nan ne da Baba yake tara sulallan ƙasashen waje. Kin tuna da ƙaramar sallar bara waccan ya ce in ya mutu a sayar da gwangwanin da duk abin da ke ciki, a sa a aikin rijiyar burtsatse ta unguwarmu a Durun. Ni da ke da ƙaninmu Mahbub muka yi dariya muka ce mun yarda. Na duba littafin da nake rubuta al'amuran kowace rana, haka na rubuta a ranar.

Na juye su a tabarma na ware su ƙasa-ƙasa. Akwai na Saudiyya da na Sudan, na lokacin da ya je Makka ta ƙasa yana saurayi, akwai sefa, akwai masu huda a tsakiya, da wasu da ban iya karanta rubutunsu ba. Na kai wa 'yan canji a Kano. Wani ya dube ni ya ce, "Malam, ko takarda sai mun zaɓa, balle ƙarfe." Wanda ya fi tausayina ya ce zai ba da dubu shida duka. Ban sani ba ko ni ne ban iya ciniki ba.

A ƙasan gwangwanin akwai wata tsohuwar laya, fatar ta yi baƙi. Ina so in kai wa Malam Jibirin limami ya faɗa mini yadda ake yi da ita.

Ƙaninki,
Ja'afar

Lakwaya,
10 ga Afrilu

Ja'afar,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai zafi. Ka gai da matarka Badi'a da yara.

Dubu shida ko guga da igiya ba za su saya ba. Ai na faɗa tun ranar, tarkacen tsoho ne. Amma kai na sani sai ka rubuta wa kowane kwabo sunansa da na ubansa. Ka karɓa ka kai wa mai unguwa, mu sauke wasiyya. Layar kuma, ba a buɗe layar wani, ka haƙa rami inda ba a takawa ka binne.

Yayarka,
Marka

Kabo,
16 ga Afrilu, 2025

Zuwa ga Yaya Marka,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gai da yara. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta wannan.

Na bi maganarki, har na haƙa ramin a bayan turken awaki. Da na ɗauki layar sai na ji nauyinta ya fi na takarda. Na tsaya riƙe da ita na fi minti goma ina gardama da kaina. Daga baya na kai wa Malam Jibirin. Ya ce a farke, in ayoyi ne a san yadda za a mutunta su. Ya sa aska ya yanke ɗinkin.

Yaya, babu rubutu ko layi ɗaya. Kakin zuma ne dunƙule, a cikinsa sulalla bakwai jajaye. Gefe ɗaya kan wani sarkin Turawa, ɗaya gefen mutum a kan doki. Malam ya ajiye askar ya yi salati. 

Ban yarda da idona ba, don haka na kai wa masu sayar da zinariya uku a Kano, kowa daban, ban faɗa wa ɗaya abin da ɗaya ya ce ba. Kowa ya goga a dutse, ya ɗiga ruwan gwaji, ya ɗora a sikeli. Zinariya ce, irin fam ɗin Ingila na dā. Bakinsu ya zo kusan ɗaya: miliyan tara. Na ce wa na ukun ya maimaita, ya ce, "Alhaji, ko in rubuta maka?" Na ce ya rubuta. A mota ina dafe da aljihu har Kabo.

Mai haƙar burtsatse ya ce wurinmu dutse ne, sai an yi nisa, da tanki da sola miliyan takwas. Kenan gwangwanin shi kaɗai zai yi rijiyar.

Sai dai Malam ya ce wasiyya ba ta wuce sulusin abin da mamaci ya bari. Gida da gona an yi musu kuɗi miliyan uku. In an haɗa da zinariyar, sulusin huɗu ne, rabin kuɗin rijiya. Sauran haƙƙin magada ne sai in sun yafe. Na ce ai mun yarda tun Baba yana da rai. Ya ce yardar da aka yi mutum yana da lafiyarsa ba ta ɗaure kowa, sai an sake tambaya bayan rasuwa.

Ba zan ɓoye miki ba, kwana biyu na yi ina tunanin in sayar in kai wa mai haƙa ba tare da na faɗa muku ba, tunda kun riga kun ce kun yarda. Na rubuta hakan a littafina, da na karanta sai kunya ta kama ni.

Ni na yafe nawa. Mahbub ya ce abin da Yaya ta yi shi zai yi. Nawa da sulusin ba za su kai ba.

Ƙaninki,
Ja'afar

Lakwaya,
19 ga Afrilu

Ja'afar,

Wa alaikumus salam. Sau uku na karanta takardarka. Tun jiya ban sa komai a bakina ba.

Kai kana lissafin rijiya, ni wani lissafin nake yi. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce Inna tana kwance, likita ya ce sai an yi aiki. Kana wurin lokacin da Baba ya juye aljihunsa ya ce ba shi da ko sisi. Ni na sayar da saniyata da ɗan maraƙinta, abin da mijina ya bar wa marayunsa kenan. Kafin kuɗin su haɗu mako uku ya wuce, kuma ka san abin da likitan ya ce game da makon ukun nan. Duk lokacin nan gwangwanin yana ƙarƙashin gadon da take kwance a kai. Ni nake tura shi gefe in na zo shara.

Ka duba littafin naka ka gaya mini: ya sani ko bai sani ba?

Marka

Kabo,
24 ga Afrilu, 2025

Zuwa ga Yaya Marka,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da ladabi. Don Allah ki ci abinci.

Wallahi ban haɗa abin da rashin lafiyar Inna ba sai da na karanta takardarki. Ban san yadda aka yi ya wuce ni ba, ni da nake ganin ba na mantuwa.

Na fito da littattafan shekarar na bi su shafi-shafi. A ranar da kike faɗa na rubuta: "Baba ya yi kuka a zaure, ya ce a sa gona jingina. Ba a sami mai karɓa ba." Babu maganar laya a ko'ina. Na kai fatar wa wani tsohon baduku a nan Kabo. Ya ce ɗinkin ba irin namu ba ne, na gabas ne, kuma zaren bai taɓa kwancewa ba. Mai yiwuwa wani ya ba shi a hanya a matsayin laya, shi ma bai buɗe ba, kamar yadda kika ce ba a yi. Mai yiwuwa kuma shi ya kai aka ɗinka masa don tsoron 'yan fashi. Na juya maganar ta kowace fuska, Yaya, ban sani ba. Ba zan rubuta miki abin da ban sani ba don ki huce.

Abin da na sani, jiya na je Durun. Rijiyar masallaci ta ƙafe, mata har rafin bayan gari suke zuwa suna tonon yashi. Mai haƙa ya ce in ruwa ya sauka motarsa ba za ta iya shiga ba, yana jiran amsa kafin ƙarshen watan nan. Ban faɗi wannan don in matsa miki ba. Ko kuma don hakan na faɗa, Allah Ya yafe mini. Haƙƙinki ne, Malam ya ce ko kin karɓa babu laifi a kanki, kuma ba wanda zai ji daga bakina.

Ina sauraron ki.

Ƙaninki,
Ja'afar

Lakwaya,
27 ga Afrilu

Ja'afar,

Wa alaikumus salam. Na ci abinci.

Ban yafe ba. A fitar wa Baba sulusinsa, ladansa ne ko ya sani ko bai sani ba. Rabona kuma kada ka sayar, kada ka aiko Lukuman. Ka kawo mini da kanka ranar Laraba, in riƙe shi a tafin hannuna in ji nauyinsa.

Ka zo da mai haƙar. Ya tsaya a ƙofar gida, kada ya shigo. In na aika a kira shi, to na ba da rabona, a rubuta sunan Inna a jikin tankin. In ban aika ba, ka ba shi kuɗin mota.

Ka gai da Badi'a.

Yayarka,
Marka