Kofin da Na Ajiye Gaban Abba

Faisalabad,
Ranar Asabar.

Yayana Mushtak,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata zafin Maskat bai gasa ka ba. Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya dawo mana da kai cikin alheri. Mu nan ƙalau, Ammi ce kawai gwiwa ke damu, amma bakinta garau yake.

Albishirinka, Nimra ta warke! Ka san yadda ka bar 'yata, yau gudawa gobe gudawa, har rigar da ka aiko mata da Sallah sai da na rage ta. Wata ma'aikaciyar lafiya ta zo gonarmu, ta iske Abba yana tsoma daurin na'a-na'a da alayyafo cikin kwatar da ke kawo mana ruwan dattin gari, yadda kowa ke yi don ganye ya yi sheƙi kafin kasuwa. Ta ce ban-ruwa da shi ya zama dole tunda ba mu da wani, amma a tsayar kwana uku kafin yanka, a kuma wanke ganyen da ruwan famfo. Ashe na'a-na'ar da muke dakawa ɗanya muna ci da gurasa ce ke cinye yarinyar.

Ka san Abba. Ya ce shekara arba'in yana tsomawa, da ruwan nan ya raine mu, ga ka can ƙato. Maƙwabcinmu Gulam Nabi kuwa, da ya ji ina nacewa, ya laƙa mini suna Likita, kullum sai ya tambaye ni ko a yi wa alayyafo allura.

Ranar da Nimra ta kasa tashi zuwa makaranta, raina ya ɓaci. Na ɗebo ruwan kwatar a kofi, na dire gaban Abba kusa da gurasarsa. Ya ce meye wannan. Na ce, “Abba, abin da jikarka ke sha kullum ne, bismillah.” Ammi ta ce na haukace. Shi kuwa ya ture abincin ya fice.

Washegari na same shi a famfon masallaci da bokiti biyu. Ya harare ni, wai motsa jiki yake yi. Wata uku ke nan bai fasa motsa jikin ba, ganye ɗaya bai sake taɓa kwata ba, na gida da na kasuwa. Shekaranjiya ma na ji shi yana yi wa Gulam Nabi faɗa, wai shi ya gano dabarar. Na bar masa, daɗi ya ishe ni.

Ka gaida Kawu Rafik da matarsa Farzana. Ammi da mijina Zafar suna gaishe ka. Nimra ta ce a faɗa maka rigar nan ta yi mata kaɗan, na warware ɗinkin da na yi mata kaf, amma ta ƙi shiga. Ka aiko babba.

Ƙanwarka,
Shagufta