Ya ciji geron Baba a gaban mutane

Assalamu alaikum Admin, don girman Allah a ɓoye sunana. 'Yan uwa don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle, yau kwana tara ke nan ko abincin kirki ba na iya ci.

Ni malamar firamare ce a wani ƙauye ta wajen Bagwai, shekarata ashirin da biyar. Babanmu manomi ne, ba shi da komai sai gonakinsa biyu da mutuncinsa, amma fa mutuncin nan ba ya wasa da shi. Wanda nake so, bari in ce masa Nura duk da ba sunansa ba ne, ɗan wani babban Alhaji ne mai shagunan hatsi a kasuwar Dawanau, shi ma a kasuwar ya tashi. Shekararmu biyu tare, manyansa sun zo an yi gaisuwa, sun kawo kaya, saura sa rana. Tun farko matan garinmu ke ta yi min habaici wai ƙwarya ta bi ƙwarya, ni kuwa na toshe kunnena, don wallahi Nura bai taɓa nuna min shi ɗan wani ne ba. A koleji an sa mu karanta wani tsohon littafin Turawa na masoya masu girman kai, ni ce kan gaba wajen yi musu dariya, ashe nawa na nan tafe.

Baba yana da wani irin gero da ya gada wajen kakanmu, duk shekara da hannunsa yake zaɓar zangarniya masu kyau ya ajiye na shuka, ko maƙwabci ya roƙa sai ya ga dama. Bana da aka yi girbi ya ce a fitar da buhu guda a kai wa Hajiya, mahaifiyar Nura, ta sha fura. Inna da ƙannenta kwana biyu suna sussuka da shiƙa, ni ma da na taso daga makaranta nake sa hannu. Ran da Nura ya zo gaida Baba, a zaure ya same shi da limamin garinmu da Kawu, ƙanin Baba, aka jawo buhun aka ajiye a gabansa.

Ina bayan ƙofa ina leƙe. Bawan Allah nan maimakon ya yi godiya ya yi shiru, sai ya kwance bakin buhun, ya ɗebo, ya murza a tafin hannu, ya hura, ya jefa ƙwaya biyu a baki ya ciza. Yana murmushi fa ya ce, "Baba, akwai sauran danshi, ga 'yar tsakuwa, in a kasuwa ne sai an rage masa." Har da ƙarawa wai baɗi zai kawo ingantaccen iri a daina wahala da wannan. Liman ya sunkuyar da kai. Baba bai ce komai ba sai, "Madalla, mun gode da gyara."

Bayan ya tafi Baba ya shigo ya gaya wa Inna cewa shi ba haja ya kai kasuwa ba, kyauta ya yi, kuma wanda bai san bambancin kyauta da haja ba ba zai ba shi 'ya ba, don gobe ita ma haka za a murza ta a tafin hannu a gaban dangi. Buhun nan dai bai bar gidanmu ba, ina kallo Baba ya ɗaure bakinsa.

To ga inda ni ma na kwafsa. Zuciya ta ɗebe ni, washegari da safe na yi wa Nura saƙon murya, na wanke shi tas, har na ce ku da kuke cin gumin manoma kun manta Alhajin naku da dako ya fara a kasuwar, irin buhun da kake rainawa a kansa ya yi ta ɗauka. Wannan maganar amana ce, Nura ne ya gaya min da bakinsa, ko ƙannensa ba su sani ba. Ashe yana tuƙi ne Hajiya na gefensa, wayar kuma a haɗe da sipikar mota, ya danna. Ta ji komai daga farko har ƙarshe.

Nura ya yarda ya yi kuskure, ya ce wallahi hannunsa ne ya saba, tun yana yaro duk buhun da aka ajiye a gabansa haka yake yi, bai san ma ya yi ba sai da ya ga fuskar liman. Ya ce a shirye yake ya zo ya durƙusa wa Baba. Amma Hajiya ta rantse in ya taka garinmu ba ta yafe ba, sai dai in mahaifina da kansa ya zo har gidansu a Bacirawa ya ba Alhaji haƙuri. Na ce ni zan je, ta ce ba ta magana da yara. Jiya na kira Nura, ya ce min shi abin da ya fi masa ciwo ba Hajiya ba ce, a ce ni ce na yi masa gori da abin da ya ɓoye a wajena. Sai na fashe da kuka.

Baba bai san da saƙon nan ba, Inna ma ba ta sani ba. A ganinsa mu aka ci wa fuska kawai, har yana gaya wa mutane 'yarsa ta san darajar gidansu, ba ta ce uffan ba. Ya riga ya ce Kawu ya mayar musu da kayansu ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Kuma na san halin Baba, ba abin da ya tsana kamar gori. In ya ji 'yarsa ce ta yi, ba zai yi min faɗa ba, babbar rigarsa guda ɗaya zai saka ya hau mota ya je ya tsaya a ƙofar get ɗin mutanen nan har sai an ce ya shigo. Bayan ya ba da haƙurin ma ba ni da tabbas zai yarda da auren.

Ina son Nura, ba zan ɓoye muku ba, ban san yadda zan yi in ba shi ba. Amma in na tuna tsohon nan a tsugune gaban Alhaji saboda bakina, sai in kasa tunkararsa da maganar. In faɗa masa gaskiya in bar shi ya je, ko in yi shiru ina kallo Kawu ya ɗaure kayan a bayan babur? Yau Laraba. Don Allah kada ku zage ni, na riga na zagi kaina ya ishe ni, ku dai gaya min a cikin biyun nan wanne mutum zai iya yi ya ci gaba da kallon idon ubansa.