Taken Sarkin Noma a Filin Gyaɗa

Sabon Gari, Maraɗi, Afrilu 1955

Zuwa ga Gwaggo Zuliha, a Tsibiri.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, yaya gwiwar? Ina gai da Malam Sha'ibu da zai karanta miki wannan, ya yi haƙuri da tsawonta.

Gwaggo, hankalinmu ba kwance yake ba. Kin san an ɗora mijina Abdulmutallib a kan leburorin filin gyaɗa na kamfani. Buhuna na nan jibge kamar tsauni, kuma Mushe, Baturen wurin, ya ce sai an loda su duka a kamyo, manyan motocin kaya, zuwa Kano kafin ruwan farko. In ruwa ya taɓa gyaɗar nan, mijina ya ajiye makulli, mu kuma mu fita daga gidan kamfani. Ga ni da tsohon ciki.

Leburorin manoman wajen Jiratawa ne da suka zo cin rani, kuma tafiya suke da buhu kamar masu rakiyar gawa. Mijina ya busa usur, ya yi tsawa, ya kori wasu, sai ma suka ƙara sanyi. Mushe cewa yake tun da aka hana aikin dole mutane suka lalace.

Ni kuwa na tuna wani littafi da aka kawo mini daga Zariya, inda sarki ya rataya riga a kan mashi ya ce ta jarumin da ya fi kowa ce, makaɗa suka zuga, aka ci yaƙi kafin azahar. Na ce wa mijina ya gwada. Ya ce, “Ke da littattafanki!” Amma da safe na ga ya ɗauki rigarsa ta angonci, ya nufi kasuwa neman makaɗi. Har na hango shi a raina, tsaye bisa buhuna, iska na kaɗa masa rawani.

Ki sa mu a addu'a.

Ɗiyarki, Saudatu

*

Tsibiri

Zuwa ga ɗiyata Saudatu.

Ina amsa gaisuwa. Gwiwa tana nan, ba ta je ko'ina ba, shi ya sa ni ma ban je ba.

Malam ya karanta mini, har furata ta tsinke bai kai ƙarshe ba. Ke dai tun kina lakwal, makarantar bokon nan, kanki ke cikin gajimare. Mijinki ba shi da rawani, hular akawu gare shi.

Tambaya zan yi. Wane makaɗi? In ɗan birni ne mai bin ƴan kasuwa, ina ya san mutanen Jiratawa? Shi mijin naki ya san sunayensu, ko “kai, kai” yake kira kamar mai korar awaki? Mi suke ci da rana? Sannan riga ɗaya wuya ɗaya take shiga. Sauran su sa mi, haushi?

Ki rage zama, ki riƙa taka ƙafa saboda cikin. Allah ya raba lafiya.

Gwaggonki

*

Sabon Gari, Maraɗi

Gwaggo,

Ina gaisuwa.

Da farko abin ya yi kyau. Ganga ta tashi, samari suka riƙa gudu da buhu, Mushe har ya leƙo ta taga yana murmushi. Wani saurayi, Tanimu, ya fi kowa, aka kira shi tsakiyar fili aka zura masa rigar. Shi kuwa makaɗin, Gado, don ya burge, sai ya juya ganga ya buga masa taken Sarkin Noma, yana kirari.

Ashe cikin leburorin akwai wani dattijo mai suna Nomau, wanda mijina ke kira “kai tsoho”. Shi ne Sarkin Noman ƙauyensu. An ce dami dubu ya noma ya rabar wa jama'a kafin ya sami taken nan, fari da haraji ne suka kawo shi dakon buhu. Yana jin kiɗan ya tsaya cak. Ya sauke buhunsa a hankali, ya kaɗe kafaɗa, ya fita. Mutanensa suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Tanimu ya tuɓe rigar kamar wuta ce, yana cewa an jawo masa mutuwa, don a wurinsu wanda aka buga wa taken da bai kai ba, ba ya ganin kaka.

Filin yanzu ba kowa sai tsuntsaye. Jiya gabas ta yi baƙi, iska ta taso da ƙamshin ƙasa.

Mushe ya ciro bulalar da ke rataye a ofishinsa tun zamanin aikin dole, ya miƙa wa Abdulmutallib, ya ce ya nemi gardi biyu su je Jiratawa su koro su. Mijina ya shigo da ita gida, Gwaggo. Tana nan bisa akwatina, kusa da littattafan. Ya ƙi cin tuwo. Na ce, “Maigida, ba za ka ɗaga ta a kan mutum ba, ko?” Ya ce, “To a ina kike so ki haihu, gindin bishiya?”

Shawarata ce ta jawo. Ki gaya mini abin yi, mai jakin da ya kawo wannan zai jira amsa.

Saudatu

*

Tsibiri

Saudatu,

Gaisuwa a taƙaice, mai jaki na tsaye.

Bar kuka, ba ke kika buga gangar ba. Ki gaya wa mijinki, in ya shiga Jiratawa da gardi, ko sun dawo buhunan za su riƙa fashewa da kansu, kuma ba zai san hannun wa ba.

Ubanki ya yi gayya a gonarsa sau da yawa, ina kallo. Ba a aika wa mutanen gayya, zuwa ake yi. Ya tafi shi kaɗai, da goro, da Gado a bayansa. Ya tuɓe takalmi tun daga ƙofar gidan Nomau. Gado ya buga taken nan ga mai shi, a gaban Tanimu, don yaron ya sami barci. Rigar kuma a ba Nomau. Shi zai san wanda ya cancanta, in ma akwai.

Sannan mijinki ya roƙi Nomau ya riƙe masa aikin: shi zai raba mutane, shi zai ce a tashi, shi zai ce a huta. Kuma mai gona ba ya tsayawa a inuwa da usur, shi ke fara sa hauya. Ke ma ki tara matan unguwa ku dama fura. Ba a gayya da yunwa.

Malam ya ce in ƙara da cewa Bature zai iya jin haushin ganin akawunsa da buhu a ka. Gaskiya ne. Sai ya zaɓa.

Gwaggonki

*

Sabon Gari, Maraɗi, Mayu

Gwaggo, ina gaisuwa da godiya.

Ya je. Nomau ya bar shi durƙushe a rana har ya gama gyara ƙotar gatarinsa, sannan ya ce, “Ɗan boko, wa ka zo nema? Nan ba mai suna kai tsoho.” Mijina ya ce, “Sarkin Noma na zo nema, Baba.” Ya ce, “Au, ashe ka san hanya.”

Sun dawo. Nomau ya raba su ƙungiya ƙungiya, ƴan gida ɗaya tare, Gado na kiran kowa da sunan ubansa. Rigar ya rataya ta a ƙofar fili, ya ce ta mai ciwon baya ce ya shimfiɗa. Abdulmutallib ya ɗauki buhun farko ya faɗi da shi, fili ya kwashe da dariya. Tanimu ya ɗaga shi yana cewa, “Sannu, Mushe ƙarami, ba alƙalami ba ne!” Tun daga nan aiki ya kama wuta.

Amma Mushe ya fito ya gan shi, ƙura har gira. Ya tambayi bulalarsa, ya ce shi shugaba ya naɗa, ba jaki ba. Mijina ya ce a bari a gama. Mushe ya juya ya koma ofishinsa.

Saura lodin yau. Ina rubutu, hadari ya rufe gabas, ƙofa na bugawa. Furar ta tafi. Bayana kuma ya fara wani irin ɗaurewa tun hantsi.

Saudatu

*

Sabon Gari, Maraɗi

Gwaggo, Abdulmutallib ne, ina gaisuwa da ladabi.

Saudatu ta sauka lafiya, namiji. Ruwa ya sauko muna ɗaure tamfol a kamyon ƙarshe. Igiya ta gaza, Sarkin Noma ya ce in kawo abin nan na Bature, muka ƙarasa ɗaurin da ita.

Da safe Mushe ya sake tambayar bulalarsa. Na ce tana hanyar Kano. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce in buɗe sito. Makulli dai yana nan hannuna.

Za a aiko jaki ya ɗauko ki ranar suna. Mai jego ta ce a gaya miki, mutanen Jiratawa sun naɗa mini rawani da buhu.

Ɗanki, Abdulmutallib