Harjin Kauthar

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya sanar da ɗan Adam abin da bai sani ba, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Mai karatu, ina yi maka sallama. Ga wasiƙu uku da suka gudana tsakanin dattawa biyu a kan yarinya ɗaya.

Daga Alaramma Lukmanu, Kwali
Zuwa ga Malam Nathan, Lugbe

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Na rubuta da boko domin ka iya karantawa da kanka.

Ni ne kakan Kauthar, wadda kake koya wa wasan jera haruffan Turanci. 'Yata Safiyatu, mahaifiyarta, ta nuna mini a waya yadda yarinyar ta zo ta ɗaya a gasar makarantun Abuja. Da aka miƙa mata abin magana sai ta ce, "Ina gode wa malamina," ta nuna ka da hannu, jama'a suka tafa maka.

Malam, ni na kama yatsan yarinyar nan na ɗora shi a kan harafin farko tana 'yar shekara huɗu. A gabana ta haddace izu arba'in. Ba wanda ya tafa, ban kuma nema ba. Amma da ta zo hutu na ji ta a tsakar gida tana ƙunƙuni tana lanƙwasa yatsu, na matso da murna ina zaton tilawa ce, ashe kalmominka take bita.

Na umarci uwarta ta kawo mini ita ranar Juma'a. Gasar ƙasa ta ranar Asabar, a yi ta ba da ita ba. Ka nemi wata.

Ka huta lafiya.

Daga Nathan, Lugbe
Zuwa ga Baba Alaramma

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da girmamawa. Direban motar Kwali ya ba ni takardarka, na karanta a tsaye, sannan na nemi kujera.

Baba, bari in faɗa maka abin da wayar ba ta nuna ba. A wasan nan ana ba yaro haruffa, ya fitar da duk kalmomin da ke cikinsu masu tsawo ɗaya. Misali haruffa biyar da ke ba da least, su ne ke ba da steal da slate da tales. Sauran ɗalibaina goma sha ɗaya sai su yi mako suna fama, ranar gasa su manta rabi. Ita Kauthar, kafin ta faɗi kalma ko ɗaya, sai ta fara faɗin adadinsu, sannan ta bi gaɓoɓin yatsunta. In gaɓa ta rage, ta san akwai wadda ta ɓuya, ba ta tashi sai ta kamo ta.

Na tambaye ta wa ya koya mata. Ta ce harji ne, yadda mahaddata ke ƙirga kalmomin Alƙur'ani masu kama da juna su riƙe adadinsu don kada su rikice, kuma a gaban kakanta ta koya.

Shekara talatin da biyu ina koyar da Turanci, ban taɓa tunanin wannan ba. Kullum sai na ji, "Kakana ba haka yake yi ba." Har matata Serah tana tsokanata, wai Alaramman Kwali ne oga, ni mai riƙe masa alli ne. Ba zan ɓoye maka ba, abin yana cina. Kai tafi ɗaya ya dame ka, ni wata takwas ke nan ina shan jin yabonka.

Tun jiya yarinyar ba ta ci abinci ba, amma ta haɗa jakarta ta Kwali. Ta ce ba za ta saɓa maka ba. Ina roƙonka, ka bar ta ta je.

Naka, Nathan

Daga Alaramma Lukmanu
Zuwa ga Malam Nathan

Bayan gaisuwa. Na karanta takardarka sau uku. Na binciki zuciyata, na tarar ba karatun yarinya nake karewa ba, kishi ne kawai, na kuma nemi gafarar Ubangijina.

A ce mata ta kwance jakar, ta ci abinci. A tuna mata daga ƙaramin yatsa ake farawa, na lura a wayar tana tsallake shi in ta yi sauri. Bayan gasa za ta biya mini izu biyu, wannan ba sassauci.

Zan biyo motar farko ranar Asabar. A ajiye mini kujera a sahun gaba. Ban hana ka zama kusa da ni ba, amma tawa ta fi taka kusa da ita.

Wassalam.

Allah Ya wanke zukatanmu daga abin da muke ɓoyewa, Ya albarkaci zuriyarka, ya kai mai karatu, Ya sa wanda ka koyar ya tuna da kai ko ba ka wurin. Amin.