Kibiyar da Na Zaɓa

Lahadi, 4 ga Fabrairu, 2024

Mish'al, babban ɗan maigidana, ya shigo da wani baka daga Jidda. Wai baka. Tayoyi biyu a kai da gindi, tsirkiya kusan uku, har da wani ɗan gilashin saiti. Na tsaya riƙe da makullin mota baki buɗe. Ya ce me nake kallo, na ce ai ni ɗan sarkin baka ne, a garinmu wajen Ningi babu gidan da bai ci naman da Babana ya harbo ba. Gaskiya ce. Abin da ban faɗa ba: kwari kawai nake riƙe wa Baba, Allah ya jiƙansa, kuma ina shekara goma sha biyar na gudu Kano na koyi tuƙi. Ko kurciya ban taɓa kayarwa ba.

Talata, 6 ga Fabrairu

Bakina ya ja mini. Kawun Mish'al yana kiwon barewa a gonarsa, can ta hanyar Arfa, wajen haddin Harami, wato iyakar ƙasa mai alfarma, ya ba shi ɗaya ya harba ranar Asabar. Wai ni zan zaɓa masa kan kibiya. "Inta ustaz, ya Hafiz." Ni Hafizu direba, yau ni ne ustaz.

Alhamis, 8 ga Fabrairu

Shagon Jidda. Innalillahi. Ban taɓa zaton ana ƙera kan kibiya haka ba. Wani mai wuƙaƙe uku, kowace kamar reza. Wani a rufe yake, sai ya shiga jiki ya buɗe kamar almakashi. Mai shagon ya buɗe shi a gabana. Wannan ai ba farauta ba ce, aikin mahauta ne.

Na Baba siriri ne, bai kai faɗin farcena ba, da 'yan kunnuwa biyu. Da shi yake kayar da gada da barewa, har gwanki. Na duba can ƙasan gilashi na ga wasu ƙanana masu kama da shi, na nuna. Mai shagon ya ce waɗannan na zomo ne da tsuntsu, barewa tana son mai faɗi domin jini ya zuba da sauri. Na ce masa shekara nawa ya yi a daji? Ya buɗe gilashin ya fito da su. Mish'al ya yi dariya ya ce a ba mu shida.

Na dawo ina jin kaina a sama har unguwarmu ta Shisha.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Bari in rubuta.

Da hantsi muka isa. Barewar mace ce, ba ta da girma, ja-ja, da farin ciki. Mish'al ya iya saiti, ba zan ɗora masa laifi ba. Ya same ta bayan kafaɗa, daidai inda Baba yake cewa. Na ce masa mu zauna, yanzu za ta yi 'yan taku ta fara layi ta faɗi. Haka na saba gani.

Ba ta yi layi ba. Ta zabura da kibiyar tana reto a jikinta, ta bi ta inda ruwan kwari ya karya wayar shingen gonar, ta fita. Na ce mu ƙara jira. Muka jira rabin sa'a, ina ta cika baki, za mu same ta a kwance bayan dutsen can.

Babu ita. Jinin ma ɗigo-ɗigo, sai na durƙusa nake ganinsa a kan tsakuwa. Muka bi har azahar, har muka iso ginshiƙan haddi. Ɗigon ƙarshe da na gani yana can ciki, taku biyar bayan alamar.

Mish'al ya tsaya cak, ya mayar da bakan bayansa kamar wani zai ƙwace. "Khalas, shi ke nan, ya Hafiz. Ta shiga Harami." Bai zage ni ba. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi.

Lahadi, 11 ga Fabrairu

Na kira Baffa Labaran, ƙanin Baba, shi kaɗai ya rage a cikinsu mai riƙe baka. Na kwashe komai na gaya masa. Sai ya tambaye ni:

"Me kuka shafa wa kibiyar?"

Na ce shafa me?

"Dafi mana, Hafizu! Kai, wai kana nufin ƙarfe tsirara kuka sa wa baiwar Allah?"

Wallahi sai da na zauna a ƙasan garejin. Na san da dafi, wa bai sani ba. Na san bukkar bayan gida da ake dafa kwankwani, tsiron dafi, wadda ake kore mu in mun matso. Na san baƙin abin nan da ke manne a wuyan kibiya, wanda Baba ke cewa in na taɓa zai karya mini hannu. Amma ban taɓa haɗa su a kaina ba. Shekara talatin ina zaton hannun Baba ne da ɗan ƙarfen nan ke kisa. Ashe ƙarfen ɗan aike ne kawai, shi ya sa ake yin sa siriri. Na Turawa ba su da dafi, shi ya sa suke da faɗi. Mai shago ya gaya mini da bakinsa, na tambaye shi shekara nawa ya yi a daji.

Baffa ya ce, "A gidanmu ba a kwana da kibiya a jikin dabba. Ka nemo ta ka hutar da ita." Na ce Baffa, ta shiga Harami. Ya ce, "La ilaha illallahu," ya kashe wayar.

Litinin, 12 ga Fabrairu

Na sauke yaran maigida a makaranta na wuce. Na same ta. Tana ƙarƙashin wata ƙaya, bai fi tafiyar minti goma daga alamar ba. A kwance, kai a sama. Sandar kibiyar ta karye, saura kamar ɗani ɗaya a waje, ƙudaje sun baibaye wurin. Da na matso ta yunƙura ta miƙe da ƙafa uku, sai na ja da baya.

Akwai wuƙa a motar. Na tsaya ina tunaninta.

Bayan la'asar na je unguwar Rusaifa wurin Malam Abdulwasi'u, shekararsa arba'in a garin nan. Ya ce, "Ta shiga amanar Allah, ɗana. Nan ba a kashe naman daji, ba a korar sa, ko firgita shi ba a yi." Na ce Malam, ko don a hutar da ita? Ya shafa gemu ya ce, "Ni dai ba zan ba ka wannan fatawa ba. Ka kai mata ruwa."

Talata, 13 ga Fabrairu

Na yanke gindin jarka na zuba ruwa, na ajiye da ɗan barsim, ciyawar da suke ba tumaki a nan. Na koma nesa na zauna a kan dutse. Ta sha. Wallahi ta sha, ina kallo. Ban san lokacin da na fara kuka ba, ƙato da ni.

Mish'al ya ce ya samu likitan dabbobi mai allurar barci, zai zo ranar Alhamis ya cire ƙarfen. Kwana biyu kacal. Ya Allah.

Laraba, 14 ga Fabrairu

Ba ta kai ba.

Alhamis, 15 ga Fabrairu

Jiya ban iya rubutu ba. Na tarar da ita ta miƙe wuya wajen ruwan, jikin da sauran ɗumi. Na kira Mish'al, ya zo da shebur. Kafin mu rufe ta na zaro ƙarfen. Gaɓar yatsa biyu kawai ya shiga, ya tsaya a haƙarƙari. Gaɓa biyu. Abin da ta kwana huɗu tana mutuwa a kansa ke nan.

A hanya na ce masa, ya Mish'al, ni ban taɓa harbin komai ba a rayuwata, kwari nake ɗauka. Sai ya ce, "Ni ma ai na ji abin da mai shagon ya faɗa."

Asabar, 17 ga Fabrairu

Ni da Mish'al mun koma shagon, wai kawunsa ya ce ya sake gwadawa wata mai zuwa. Na gaishe da mai shagon da hannu biyu, na ce ya nuna mana mai wuƙaƙe ukun nan. Na gwada a gashin hannuna, ya aske tas. Har yanzu ban son kallonsa. Na ce a ba mu shi. Na ce wa Mish'al ranar sai dai wani ya kai shi, ni bayana na ciwo.

Litinin, 19 ga Fabrairu

Na sauke yara. Ban shirya ba, sai kawai na ga motar ta ɗauki hanyar Arfa. Gindin jarkar yana nan, ya bushe, yashi ya shiga. Na wanke na cika shi, na koma kan dutsen na ɗan zauna.

Akwai tsuntsaye a wurin, su ma suna jin ƙishi. Saboda su ne.